Ƙarancin Jini ga Masu Ciwon Kumburin Hanji: Musabbabi, Alamomi da Hanyoyin Magani

Idan aka ɗauke ciwon cikin shi kansa, ƙarancin jini ne matsalar da ta fi addabar masu fama da ciwon kumburin hanji mai daɗewa. Sau da yawa majinyaci da danginsa sukan mayar da hankali kan gudawa da murɗawar ciki, su ɗauki kasala da jiri a matsayin abin da dole ne ya zo tare da jinya. Likitocin ciki kuwa suna kallon ƙarancin jinin a matsayin larura mai zaman kanta, wadda ake aunawa, a gano tushenta, sannan a yi maganinta.

Abin da ya bambanta wannan ƙarancin jini da wanda jama'a suka saba gani shi ne ta hanyoyi biyu yake shigowa a lokaci guda. Jini yana zuba daga hanjin da ya yi gyambo, sannan kumburin yana hana jiki amfani da sinadarin da zai mayar da gurbin jinin da ya zuba. Wannan ne ya sa kyautata abinci ko shan maganin ƙarin jini na kemis ba ya wadatarwa ga mafi yawan masu wannan ciwo.

Mene ne ciwon kumburin hanji?

Ciwon kumburin hanji, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IBD, larura ce da garkuwar jiki ke juyowa ta riƙa yaƙar bangon hanjin mai ita. Yakan tashi ya lafa, ya sake tashi, tsawon rayuwar mutum. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba wani abinci guda ne ke haddasa shi ba. Masana sun danganta shi da haɗuwar gado, da yanayin muhalli, da sauyin ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanji. Ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 35, amma yana kama yara da dattawa.

Manyan nau'o'insa biyu ne. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda ke farawa daga dubura ya haura sama ba tare da tsallake ba, kuma fatar ciki ta hanjin kawai yake ci. Babbar alamarsa ita ce gudawa mai jini da majina. Likita Samuel Wilks na birnin Landan ne ya yi bayaninsa a shekarar 1859. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Tana cin duk kaurin bangon hanji, shi ya sa takan janyo toshewa ko yoyo. Ta samo sunanta daga Likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu a asibitin Mount Sinai da ke New York a Amurka suka wallafa bayaninta a shekarar 1932.

Wani nazari na duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ciwon a shekarar 2017. Ya fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, amma yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya, Kudancin Amurka da Afirka, musamman a birane. A kowace ranar 19 ga watan Mayu ake gudanar da ranar wayar da kai game da shi a duniya.

Ya kamata a bambanta shi da wata larurar mai kama da shi a suna, wato IBS, wadda ke sa ciwon ciki da sauyin bayan gida. IBS ba ta yi wa hanji gyambo, ba ta sa zubar jini, kuma ba ta rage jini. Duk wanda aka ce yana da IBS amma jininsa na raguwa, yana buƙatar ƙarin bincike.

Me ake nufi da ƙarancin jini?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himoglobin, wanda shi ke ɗaukar iskar da mutum ya shaƙa daga huhu ya kai ta sassan jiki. Raguwarsa ake kira ƙarancin jini. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namiji baligi na da ƙarancin jini idan himoglobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita ta jini. Ga mace baliga ma'aunin giram 12 ne, ga mai juna biyu kuma giram 11.

A asibitoci da dama a Najeriya an fi amfani da awon PCV, wanda ke nuna kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini. Adadinsa yakan ninka na himoglobin kamar sau uku. Ke nan ƙasa da kashi 39 ga namiji, ko 36 ga mace, ko 33 ga mai juna biyu, alama ce ta ƙarancin jini.

A cikin ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma kowace ƙwaya takan rayu kimanin kwana 120. Aikin na buƙatar sinadarin ƙarfe, wanda wasu ke kira ayon, da bitamin B12, da folik asid, da kuma wani sinadari da ƙoda ke fitarwa domin zaburar da ɓargo. Ciwon kumburin hanji na iya taɓa kowane ɗaya daga cikin waɗannan.

Wani nazari da ya haɗa bincike daga ƙasashen Turai a shekarar 2014 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu ciwon na da ƙarancin jini, kuma fiye da rabinsu rashin sinadarin ƙarfe ne sanadi. Adadin ya fi haka tsakanin yara da waɗanda aka kwantar a asibiti.

Hanya ta farko: zubar jini daga hanji

Jikin baligi na ɗauke da sinadarin ƙarfe kimanin giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini. Daga duk abincin da mutum ya ci a rana, miligiram 1 zuwa 2 kawai hanji ke tsotsa, daidai da abin da jiki ke asara. Sauran buƙatar, jiki na biyan ta ne ta hanyar kwance tsofaffin ƙwayoyin jini ya sake amfani da ƙarfen da ke cikinsu.

A kowace mililita ta jini akwai kimanin rabin miligiram na ƙarfe. Idan hanji mai gyambo na zubar da jini cikin ƙaramin cokalin shayi a kullum, wato mililita 5, asarar ta kai miligiram 2.5, ta zarce abin da jiki ya saba samu daga abinci. Haka ma'ajiyar ƙarfe za ta riƙa raguwa wata bayan wata har ta ƙare, sannan himoglobin ya fara sauka.

A gyambon babban hanji, jinin yakan fito fili a bayan gida. A cutar Crohn kuwa sau da yawa ba a ganinsa da ido, sai dai gwaji ya nuna. Bugu da ƙari, masu ciwon sukan rage cin abinci saboda tsoron ciwon ciki, ko su ƙaurace wa nama da ganye, abin da ke ƙara rage ƙarfen da ke shiga jiki. Idan kumburin ya taɓa farkon ƙaramin hanji, inda ake tsotsar ƙarfe, matsalar takan ƙaru.

Hanya ta biyu: kumburi na kulle ma'ajiya

A farkon shekarun 2000 masana suka gano wani sinadari da hanta ke fitarwa, mai suna hefsidin, wanda shi ne mai gadin ƙofar ƙarfe a jiki. Duk lokacin da aka samu kumburi, hanta takan ƙara yawansa. Shi kuma sai ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini, ya rufe wadda yake bi daga ma'ajiyarsa a hanta da saifa zuwa ɓargo.

Wannan tsari na da amfani idan ƙwayar cuta ta shiga jiki na ɗan lokaci, domin ita ma tana buƙatar ƙarfe kafin ta hayayyafa. Amma a ciwon da kumburinsa ke ɗaukar watanni ko shekaru, tsarin yakan zama illa. Ƙarfe na nan jibge a ma'ajiya, ɓargo kuma ba ya samunsa: ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Kumburin yakan kuma rage ƙarfin ɓargo, ya gajarta rayuwar jajayen ƙwayoyin jini.

Mafi yawan majinyata na da nau'o'in biyu a haɗe, wato rashin ƙarfe saboda zubar jini da kuma kullewarsa saboda kumburi. A nan ne dalilin da ya sa wani zai shafe watanni yana shan ƙwayar ƙarfe ba tare da jininsa ya ƙaru ba. Ƙwayar na shiga ciki, amma ƙofar da za ta bi zuwa jini a rufe take.

Bitamin da magunguna

A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotsar bitamin B12, kuma nan ne wurin da cutar Crohn ta fi kamawa. Wanda ciwon ya lalata masa wannan sashe, ko aka yanke masa fiye da santimita 20 na wurin a tiyata, yana cikin haɗarin rasa bitamin ɗin. Hanta na adana B12 da zai wadatar na 'yan shekaru, saboda haka alamun rashinsa kan makara kafin su bayyana. Ban da rage jini, rashinsa na lalata jijiyoyi, ya sa ƙafafu da hannaye su riƙa mutuwa ko tsikari, tafiya ta riƙa tangaɗi, mutum ya riƙa mantuwa.

Wasu daga cikin magungunan ciwon ma na taɓa jini. Sulfasalazine da methotrexate na rage folik asid. Azathioprine na iya danne aikin ɓargo, shi ya sa ake yawaita gwajin jini ga masu shan sa. Har ila yau sulfasalazine na iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini a jikin masu ƙarancin sinadarin G6PD, wani yanayi na gado da ya yawaita tsakanin maza a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Idanu su yi rawaya ko fitsari ya yi duhu bayan fara maganin, alama ce da ya kamata a kai wa likita nan take. Duk da haka, bai dace majinyaci ya daina shan maganinsa da kansa ba, domin tashin ciwon ya fi waɗannan illolin yawan rage jini.

Alamomin da ake gani

Da yake jinin a hankali yake raguwa, jiki yakan saba, mutum ya riƙa rage ayyukansa ba tare da ya lura ba. Alamomin da aka fi gani sun haɗa da:

– gajiya da kasalar da barci ba ya gusarwa;
– haki bayan ɗan aiki kaɗan, kamar hawan bene ko ɗaukar bokitin ruwa;
– bugun zuciya da sauri, jiri da ciwon kai;
– ɗashewar tafin hannu, harshe, farce da cikin fatar ido;
– zubar gashi, karyewar farce da tsagewar gefen baki;
– rashin natsuwa a karatu ko wurin aiki;
– kwaɗayin tauna ƙanƙara ko cin farar ƙasa;
– damuwar ƙafafu da dare, wadda ke sa mutum ya kasa barinsu wuri guda.

A jikin baƙar fata, ɗashewa ba ta cika nunawa a fuska ba, saboda haka tafin hannu da cikin fatar ido ake dubawa. Haka kuma mutum na iya fama da gajiya saboda ma'ajiyar ƙarfensa ta ƙare, tun kafin himoglobin ya sauka ƙasa da ma'auni.

Dalilin da ya sa ake makara a Najeriya

Ƙarancin jini ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59, suna da shi. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tsargiya, ciwon sikila, haihuwa a kusa a kusa da ƙarancin abinci mai gina jiki, su ne suka fi haddasa shi. A irin wannan yanayi, da wuya hankalin majinyaci ko na ma'aikacin lafiya ya fara zuwa kan ciwon kumburin hanji.

Jini a bayan gida kuma, mafi yawan mutane basir suke ɗora wa laifi. Wasu kan shafe shekaru suna shan jiƙe-jiƙe da magungunan wankin ciki, waɗanda ke ƙara gudawa, jini na ci gaba da zuba. Wasu kuma ana ta ba su maganin atuni ko na taifot, ciwon ya lafa da kansa na ɗan lokaci, a zaci maganin ne ya yi aiki.

Ko a wurin ƙwararru akwai wahalar bambancewa. Atunin da ƙwayar amiba ke haddasawa na kama da gyambon babban hanji. Tarin fuka na hanji na kama da cutar Crohn ƙwarai, har a hoto. Bambancin na da muhimmanci, domin magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su prednisolone, na iya ta'azzara tarin fuka da amiba har su kai ga halaka. Saboda haka bai halatta a sayi irin waɗannan magunguna a kemis bisa zato ba.

Gudawar da ta wuce mako huɗu, ko jini a bayan gida da ke maimaituwa, tare da rama da ƙarancin jini, dalili ne na neman a tura majinyaci wurin likitan ciki. Ana samun irin waɗannan ƙwararru da na'urar leƙa hanji a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitocin koyarwa na Ibadan da Legas.

Gwaje-gwajen da ake yi

Awon PCV kaɗai yana nuna cewa jini ya ragu, amma ba ya faɗin dalili. Likita kan buƙaci cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda ke nuna girmansu. Ƙananan ƙwayoyi na nuni ga rashin ƙarfe, manya kuma ga rashin B12 ko folik asid, ko tasirin wasu magunguna.

Gwajin feritin shi ke nuna abin da ya rage a ma'ajiyar ƙarfe. Sai dai feritin na tashi da kansa idan akwai kumburi, ya nuna kamar ma'ajiyar a cike take alhali ta yi ƙasa. Shi ya sa ake haɗa shi da gwajin CRP, mai auna kumburi. Bisa ƙa'idojin da ƙungiyar ECCO ta likitocin Turai masu kula da wannan ciwo ta fitar a shekarar 2015, idan ciwon ya lafa, feritin da ya gaza maikrogiram 30 a kowace lita na nufin rashin ƙarfe. Idan kuwa ciwon na tashe, ko da feritin ya kai 100 ana iya samun rashin ƙarfe. Akwai kuma gwajin da ke auna yawan ƙarfen da ke yawo a jini a kan sinadarin da ke dakonsa. Idan ya gaza kashi 20 cikin ɗari, ɓargo ba ya samun abin da ya ishe shi.

Ƙa'idojin sun ba da shawarar a duba jinin wanda ciwonsa ya lafa duk wata 6 zuwa 12, wanda nasa ke tashe kuma aƙalla duk wata 3. Masu ciwo a ƙaramin hanji ko waɗanda aka yi wa tiyata, a auna musu B12 da folik asid aƙalla sau ɗaya a shekara. A Najeriya ya dace a haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da na bayan gida domin neman tsutsa da amiba, da sanin rukunin jinin gado, tunda larura biyu na iya haɗuwa a jiki guda.

Hanyoyin magani

Tushen magani shi ne kwantar da kumburin hanjin. Wanda aka ƙara wa ƙarfe aka bar gyambo na zubar da jini, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Amma kuma ba a jira sai hanji ya warke kafin a gyara jini. Tare ake tafiyar da su.

Ƙwayar ƙarfe ta sha ta dace da wanda ciwonsa ya lafa, ƙarancin jininsa bai yi tsanani ba, kuma cikinsa na karɓar ta. Ita ce mafi araha. Ƙwayar ferrous sulphate mai miligiram 200 na ɗauke da ainihin ƙarfe kimanin miligiram 65, kuma ga masu wannan ciwo ba a so a wuce miligiram 100 na ainihin ƙarfe a rana. Ƙara yawanta ba ya hanzarta warkewa, domin abin da hanji bai tsotsa ba yakan wuce ya sa tashin zuciya, ciwon ciki, gudawa ko taurin bayan gida. Wasu likitoci kan ba da ita a sha yau a tsallake gobe. Bayan gida yakan yi baƙi lokacin shan ta. Ana ci gaba da sha kimanin wata uku bayan jini ya daidaita, domin ma'ajiya ta cika.

Ƙarfe ta jijiya shi ne zaɓi na farko ga wanda ciwonsa ke tashe, ko himoglobin ɗinsa ya gaza giram 10, ko ya gwada ƙwaya cikinsa bai karɓa ba. Wannan hanya na kauce wa hanji gaba ɗaya. Yawanci baligi kan buƙaci miligiram 1,000 zuwa 2,000, gwargwadon nauyinsa da tsananin ƙarancin jinin. Nau'in iron sucrose ana ba da shi kaɗan-kaɗan a zama da yawa, yayin da ferric carboxymaltose ake iya ba da miligiram 1,000 nasa a zama guda. A asibiti kawai ake yin sa, domin ko da yake da wuya, jikin wani na iya ƙin maganin. Ba a bayar da shi lokacin da mutum ke fama da zazzaɓin wata ƙwayar cuta, ko a watanni ukun farko na juna biyu. Babban cikas ɗinsa a Najeriya shi ne tsada da ƙarancin samuwa a wajen manyan birane.

Ana ɗaukar magani ya karɓi mutum idan himoglobin ya ƙaru da giram 2 cikin mako huɗu. Idan bai ƙaru ba, sai a sake duba dalili.

Rashin B12 da ya samo asali daga hanji, allura ce maganinsa, kuma wanda aka yanke wa wannan sashe na hanji kan ci gaba da karɓar ta tsawon rayuwarsa. Ba a ba mai rashin B12 folik asid shi kaɗai, domin jini zai gyaru a takarda, jijiyoyi kuma su ci gaba da lalacewa. Allurar zaburar da ɓargo ana tanadinta ne ga waɗanda ƙarfe ta jijiya da maganin kumburi ba su wadatar da su ba.

Ƙarin jini kuwa na gaggawa ne: idan himoglobin ya gaza giram 7, ko jini na zuba da yawa, ko zuciya ta fara galabaita. Leda ɗaya takan ɗaga himoglobin ɗin baligi da kimanin giram 1. Yana ceton rai, amma ba ya cike ma'ajiya, saboda haka ana bin sa da ƙarfe. Masu sikila da aka sha yi wa ƙarin jini sukan tara ƙarfe fiye da kima, don haka kada su sha maganin ƙarfe sai gwaji ya tabbatar da buƙata.

Abinci da abin da ya kamata a guje wa

Abinci na taimakawa wajen riƙe jinin da aka gyara, ko da yake shi kaɗai ba ya cike giɓin da ya riga ya yi zurfi. Jiki ya fi saurin tsotsar ƙarfen da ke cikin hanta, jan nama, kaza da kifi. Wake, gero, daddawa, zogale, alayyafo da kuka ma na ɗauke da shi, kuma cin su tare da lemo, gwaiba ko tumatir na ƙara tsotsuwarsa. Shayi da kofi na rage tsotsuwar, saboda haka ya fi kyau a ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakaninsu da abinci ko ƙwayar ƙarfe.

Haɗin lemon malt da madara, wanda ya shahara a matsayin mai ƙara jini, kuzari yake bayarwa na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ke cikinsa ƙalilan ne. Magungunan ƙarin jini na ruwa kuma sun bambanta a yawan ƙarfen da ke cikinsu, kuma su ma ƙofar da kumburi ya rufe za su tarar.

Lokacin da ciwo ya tashi, ɗanyen ganye da abinci mai ƙaiƙayi na iya ƙara ciwon ciki, musamman ga wanda hanjinsa ya ƙuntace. Jami'in kula da abinci na asibiti zai taimaka wajen zaɓen abin da ya dace, maimakon majinyaci ya yi ta haramta wa kansa abinci har ya rame. Magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin na iya tayar da ciwon su ƙara zubar jini, don haka kada a sha su sai da izinin likita. Shan taba na ta'azzara cutar Crohn.

Mata, yara da bibiya

Mata masu jinin al'ada na asarar jini ta hanya biyu, saboda haka haɗarinsu ya fi na maza. Wadda ke shirin ɗaukar ciki ya kamata ta fara ganin likita, a kwantar da ciwon a kuma gyara jini tukuna. Methotrexate na illata ɗan tayi, dole ne a sauya shi tun kafin ciki, mai shan sulfasalazine kuma tana buƙatar folik asid fiye da na sauran mata. A jikin yara, ƙarancin jini da kumburi na hana girma, su jinkirta balaga, su shafi karatu. Wani lokaci rashin girman ne alama ta farko, kafin ciwon ciki ya bayyana.

Ƙarancin jini kan dawo ko bayan an yi nasarar magance shi. Shi ya sa ake sake awo duk wata 3 a shekarar farko, daga nan duk wata 6 zuwa 12. Saurin dawowarsa na iya nuna cewa kumburi na ci a ɓoye, ko da majinyaci na jin sauƙi. Ga wanda ya kai shekara 8 da ciwon a babban hanji, sabon ƙarancin jini dalili ne na sake leƙa hanjin, domin daɗewar kumburi na ƙara haɗarin ciwon daji a wurin. Yana da kyau majinyaci ya adana takardun gwajinsa a wuri guda, ya riƙa zuwa da su duk asibitin da ya je.

A garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba idan aka ga jini mai yawa ko gudaji a bayan gida, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko haki alhali mutum na zaune, ko gudawa mai jini sau shida ko fiye a rana tare da zazzaɓi ko kumburin ciki.